Tambaya da Amsa: Idan Abokan Ƙuruciya Suka Rabu a Cikin Labari

Wasiƙu da dama da suka iso wannan fili a watan nan sun taru a kan abu guda, wato yadda ƙagaggun labarai suke ɗaukar abotar ƙuruciya da abin da girma yake yi mata. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, kuma ina gwada rubutu. Ina kan rubuta labarin wasu yara mata biyu da suka tashi a layi ɗaya, suka yi makarantar allo ɗaya da firamare ɗaya, sai aka aurar da ɗaya tana da shekara 15 aka kai ta ƙauye, ɗayar kuma ta ci gaba da karatu har jami'a. Da na tura babin farko a zauren marubutanmu, kusan kowa ya ce labarin ba shi da armashi, wai sai dai in sa ɗaya ta ci amanar ɗaya, ko ta aure mata miji, ko ta kai sunanta wurin boka. Shin da gaske labarin ƙawaye ba ya tsayuwa sai da cin amana? Daga wata ɗaliba, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Labarin ƙawaye yana tsayuwa sarai ba tare da cin amana ba, amma kada ki yi watsi da ƙorafin 'yan zaurenku gaba ɗaya, domin mai yiwuwa sun ji babin bai riƙe su ba ne, sai suka miƙa miki shawarar da ta fi kusa da hannu. Duk wanda ya saba karanta littattafan soyayya na kasuwa, da waɗanda ake saki babi-babi a waya, ya san wannan hanya: aminiya tana shigowa da fari tana share wa tauraruwa hawaye, kafin a kai tsakiyar littafi ta zama kishiya ko 'yar aiken boka. Hanyar tana sayar da littafi, ban musa ba, sai dai daga ranar da marubuciya ta yanke cewa ƙawar muguwa ce, duk shekarun ƙuruciyar da ta ɓata shafuka tana ba mu labarinsu sun tashi a banza. Mai karatu zai ce ashe dama can munafuka ce, ya rufe littafin bai yi rashin komai ba.

Abin da kike riƙe da shi ya fi wannan nauyi, domin kina da yara biyu masu son juna, babu wadda ta yi wa wata laifi, amma manya sun yanke hukunci a kansu a lokacin da ba su da bakin magana. Marubuciyar Italiya mai suna Elena Ferrante ta gina littattafai huɗu a kan irin wannan tushe, waɗanda suka fito tsakanin 2011 da 2014, na farkonsu shi ne wanda aka fassara zuwa Ingilishi da sunan My Brilliant Friend. Yaran su ne Elena da Lila, 'yan wata unguwar talakawa a birnin Napoli cikin shekarun 1950. Lila, 'yar mai gyaran takalma, ita ce ta fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa a ajinsu, har ta iya karatu kafin a koya mata, amma da aka gama firamare mahaifinta ya ƙi ta ci gaba, iyayen Elena kuwa malamar makaranta ta matsa musu lamba har suka yarda. A kan wannan ɗan bambanci rayuwar mutum biyu ta rabu. Elena ta yi jami'a ta zama marubuciya, Lila ta auri wani mai kantin kayan masarufi na unguwar tana da shekara 16.

Ki lura da inda zafin labarin yake. Lila ba ta haƙura ba, ta riƙa aron littattafai daga laburaren unguwa tana koyon harshen Latin da Girkanci ita kaɗai don kada ƙawarta ta wuce ta, Elena kuma duk jarrabawar da ta ci sai ta ji a ranta cewa da Lila ce ta zauna da ta fi ta. Ga ƙauna, ga kishi, ga kuma nauyin samun abin da ka san wani ya fi ka cancanta da shi. A ranar auren Lila, Elena ce ta yi mata wanka, kuma a wurin ne amaryar ta roƙe ta kada ta daina karatu ko me zai faru. Gaskiya ne daga baya namiji ya shiga tsakaninsu, amma ya tarar da ɓarakar ne, ba shi ya fara ta ba.

Kusa da gida kuma akwai littafin Mariama Bâ ta ƙasar Senegal, Une si longue lettre, wanda ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma ta littattafan Afirka a 1980, kuma ɗalibanmu da yawa sun san shi da sunan So Long a Letter. Littafin gaba ɗayansa wasiƙa ce da Ramatoulaye ta rubuta wa aminiyarta Aïssatou tana cikin takaba. Kakanninsu mata maƙwabta ne, tare suka yi makarantar allo, tare suka zama malaman makaranta, kuma dukansu an yi musu kishiya da yarinya ƙarama. Aïssatou ta kwashe 'ya'yanta huɗu ta bar gidan, ta ƙaro ilimi a Faransa, ta samu aiki a ofishin jakadancin ƙasarta a Amurka, Ramatoulaye kuwa ta zauna da 'ya'yanta 12 a gidan da miji ya daina takowa. Jarrabawa iri ɗaya ce ta same su, kowacce ta ba da amsa dabam, kuma wannan bambancin amsar ne ya sa teku a tsakaninsu. Duk da haka da Aïssatou ta ji aminiyarta tana fama da motar haya ita da yara, mota ta saya mata. Babu cin amana ko kaɗan tsakanin matan nan biyu, amma ba a ajiye littafin sai an kai ƙarshe. Haka ma a The Stillborn na Zaynab Alkali, wanda ya fito a 1984, aure da birni ne suka raba Li da ƙawarta Faku, waɗanda suka tashi a ƙauye ɗaya a Arewa suna mafarkin birni, birnin kuma bai ba ko ɗaya daga cikinsu abin da ta zata ba.

Idan kuwa har zuciyarki ta karkata ga cin amanar, to ki duba yadda Toni Morrison ta yi a littafinta Sula na 1973. Can ma Sula ta nemi mijin ƙawarta Nel, amma kafin a zo wurin marubuciyar ta riga ta ɗaure yaran biyu da wani sirri mai nauyi tun suna shekara 12, lokacin da wani ƙaramin yaro ya suɓuce daga hannun Sula ya nutse a kogi Nel tana kallo, ta kuma fitar da Sula daga garin har shekara goma. Shi ya sa a babin ƙarshe, shekara 25 bayan mutuwar Sula, da Nel ta gane cewa duk kewar da ta ɗauka ta mijin ce ashe ta ƙawarta ce, mai karatu yana gaskata ta. Wanda zai rubuta cin amana sai ya fara biyan kuɗin amanar, kuma mafi yawan littattafan da 'yan zaurenku suke tunani ba su biya ba.

Ga abin da zan so ki gwada. Ki kai 'yar jami'ar ziyara ƙauyen bayan wasu shekaru. Matar gidan ta ji sallama ta fito da gudu, sun rungume juna, sannan ta goge kujerar roba guda ɗaya da ke gidan ta ba baƙuwa, ita ta zauna a tabarma. Ta kira ɗanta ta raɗa masa magana a kunne, ya fita ya dawo da lemon kwalba ɗaya, wanda baƙuwar ta san bashi aka karɓo a shagon bakin hanya. Da can a kwano ɗaya suke cin ɗumame suna rigima a kan ƙanzo, yau an ɗora mata lemo a faranti an ce, “Bismillah, manyan gari.” An gaisa, an tambayi mutanen gida, an lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, sai zance ya ƙare alhali ko la'asar ba a kira ba. Da za ta tafi ta rasa yadda za ta yi da kuɗin da ta ƙunso, domin in ta ba ta hannu da hannu ta mai da ita abar tausayi, in ta koma da su ta yi rowa, sai ta danƙa wa yaron ta ce a saya masa alawa, kuɗin da kowa ya san sun fi ƙarfin alawa. Kada kuma ki bar tausayin ya tafi ɓangare ɗaya. Ki bar matar ƙauyen ta raka ta har bakin mota, ta dube ta da tausayi na gaske ta ce, “Har yanzu ba a tsayar da magana ba? Allah Ya kawo nagari.” Ita ma a wurinta akwai wadda aka bari a baya, kuma ba ita ba ce. In kin iya rubuta wannan yini ɗaya yadda ya kamata, ki mayar wa 'yan zauren ki ji ko za su sake neman boka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare, kuma duk lokacin da aka tashi zancen abota a adabi, misalan da ake kawowa na waje ne. Ashe magabatanmu na rubutun zube ba su taɓa wannan jigo ba? Ina neman abin da zan nuna wa ɗalibaina daga littattafanmu. Daga wani malamin makaranta, Damagaram.

AMSA: Barka kadai, Malam. Sun taɓa shi, sai dai ba shi ne ya fi ɗaukar hankalinsu ba. Littattafai biyar da suka biyo bayan gasar 1933, wadda Baturen nan Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya, sun fi karkata ga tafiye-tafiye da yaƙi da wayo, kuma taurarinsu galibi su kaɗai suke yawo. Akwai rabuwa a cikinsu, amma ba ta abokai ba ce. A Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa cinikin bayi ne ya raba uwa da ɗanta, a Jiki Magayi kuma dukiyar Malam Shehu ce ta raba Abubakar da Zainab, wato rabuwar masoya ke nan. Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja kuwa abokan gaba ne da suka haɗu da girmansu.

Wurin da ya kamata ka kai ɗalibanka shi ne littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937. Yawancinmu mun haddace labaran da Aku ya bayar, mun manta dalilin da ya sa yake bayar da su. Musa ɗan Sarki Abdurrahman da Mahmudu jikan Sarki tare suka tashi, ba a ganin ɗaya sai da ɗaya, har ranar da yaƙi da Sarkin Sinari ya taso, Sarki ya fita da Mahmudu, ya bar Musa a gida cikin tsaro. Musa bai iya zaman ba. Kullum dare sai ya yi shirin bin Mahmudu fagen fama, Waziri kuma abin da yake jira ke nan domin ya hallaka shi, Aku kuwa ya riƙa tsare shi da labari har gari ya waye. Ka ga ashe duk littafin a kan kewar abokin ƙuruciya yake rataye, domin da Musa ya haƙura da rashin Mahmudu, da Aku bai sami dalilin buɗe baki ba.

Akwai wani abu a nan da ya cancanci a tsaya a kansa a aji. Zubin aku mai tsare mutum da labari dare bayan dare tsoho ne, ya zo daga adabin Indiya da Farisa, inda ake kiran littafin Tutinama, kuma a can matar wani ɗan kasuwa ce akun yake hanawa fita wurin wani namiji bayan mijinta ya yi tafiya. Imam ya ɗauki zubin, ya cire matar da kwartonta, ya sa yaro da abokin tasowarsa a gurbinsu. Ko da kunya ce da sanin cewa 'yan makaranta ne za su karanta suka sa shi yin haka, zaɓin da ya yi yana nuna cewa ya tabbata Bahaushe zai yarda yaro yana iya jefa kansa cikin halaka saboda abokinsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ta ɓangaren mata kuwa, marubutan farko maza ne, kuma ba su shiga cikin gida da alƙalaminsu ba. Wanda yake son ganin yadda ƙawance yake a wancan zamani sai ya nemi Baba of Karo, tarihin rayuwar wata dattijuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Ba ƙagaggen labari ba ne, amma a ciki za ka ga ƙawance abu ne da ake ƙullawa da musayar kyauta, yana da haƙƙoƙi a ranar aure da ranar suna, kuma aure ne yake ɗauke yarinya daga garinsu ya kai ta inda ƙawayenta ba sa nan. Da mata suka shigo fagen rubutu, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 zuwa ambaliyar littattafan Kano da ta biyo baya, ƙawa ta samu shiga labari sosai, amma a ganina an fi ba ta aikin kai saƙo da ba da shawara, ba a cika barin ƙawancen kansa ya zama abin da ake tsoron rasawa ba. In kana son aikin aji, ka sa ɗalibanka su rubuta shafi biyu daga bakin Mahmudu yana sansanin yaƙi, domin littafin ya zauna ne tare da Musa a gida.

TAMBAYA: Malam, na karanta The Kite Runner na Khaled Hosseini, na kuma rufe shi da fushi. Amir ya ga ana cutar abokinsa Hassan ya gudu, bayan haka ya ƙulla masa sharrin sata, amma shi aka bar wa bakin ba da labari, shi ne kuma ya ƙare da mata da gida a Amurka. Me ya sa marubuta suke ba mai laifi alƙalami? Wannan adalci ne? Daga wani mai karatu, Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa, fushinka yana kan hanya, kuma ina ganin marubucin ya so ka ji shi. Domin waɗanda ba su karanta ba, littafin ya fito a 2003, kuma yana ba da labarin Amir, ɗan wani attajiri Bafashtune a Kabul, da Hassan, ɗan baran gidansu daga ƙabilar Hazara da ake rainawa. Mace ɗaya ce ta shayar da su. A lokacin sanyin 1975, ranar da Amir ya ci gasar jirgin takarda mai zare da yaran Kabul suke yi, wasu yara suka tare Hassan a lungu suka keta masa haddi, Amir yana leƙe bai ce uffan ba. Da ganin fuskar Hassan ya gagare shi, sai ya ɓoye agogonsa da kuɗi a ƙarƙashin katifar yaron, Hassan kuma ya amsa laifin da bai yi ba, suka bar gidan shi da mahaifinsa. A 1981 Amir da nasa mahaifin suka tsere daga Afganistan, sai a 2001 ya koma, bayan 'yan Taliban sun kashe Hassan.

Dalilin da ya sa alƙalami yake hannun Amir yana cikin labarin kansa. Amir ne aka kai makaranta, Hassan kuwa shi yake goge masa kaya ya haɗa masa abin kari kafin ya tafi, har ma Amir yakan karanta masa littafi a gindin bishiyar rumman yana yi masa ba'a da kalmomin da bai sani ba. Abin da ya raba su shi ne ya ba ɗaya ikon ba da labari ya hana ɗaya, kuma haka abin yake a mafi yawan littattafan wannan jigo, domin wanda ya fita ya yi karatu shi yake dawowa ya rubuta wanda aka bari. Marubucin kirki yana sane da wannan rashin adalci, sai ya bar mai karatu ya ga wuraren da mai ba da labarin yake kare kansa. Hosseini ya yi hakan, tunda Amir da bakinsa ya amsa cewa bai taɓa ɗaukar Hassan a matsayin aboki ba.

Inda nake tare da kai shi ne wurare biyu. Na farko, an yi Hassan da kirkin da ya wuce na mutane, ba ya fushi, ba ya riƙo, har wasiƙar da ya bar wa Amir bayan ya koyi rubutu da girmansa babu zargi a cikinta. Yaron da aka yi wa abin da aka yi masa yana da haƙƙin ya yi fushi ko da a shafi ɗaya ne, hana shi wannan kuwa ya mai da shi abin da Amir zai tuba a kansa kawai. Na biyu shi ne sirrin da aka tona daga baya, cewa Hassan ɗan mahaifin Amir ne. Wannan yana girgiza mai karatu, amma yana rage wa labarin ƙarfi, domin sai ya zama kamar sai da jini ya shigo sannan ya wajaba Amir ya shiga haɗari ya ceto Sohrab, ɗan Hassan. Ga mai karatu Musulmi ma shayarwar nan ta riga ta mai da su 'yan'uwa tun shafukan farko, ba a bukatar ƙari.

Ba dole ba ne kuma a bi wannan tsari. Mariama Bâ ta ba wadda ta zauna alƙalami, wadda ta tafi ita ce ake rubuta wa. A Anthills of the Savannah na 1987, Chinua Achebe ya ɗauki abokai uku da suka san juna tun suna makaranta, Sam da Chris da Ikem, ɗaya ya zama shugaban ƙasa na soja, ɗaya kwamishinan yaɗa labarai, ɗaya editan jaridar gwamnati, sai ya bar Chris da Ikem da Beatrice, budurwar Chris, suna karɓar labarin daga juna, Sam kuwa da ya fi su hawa sama bai samu babi ko ɗaya da bakinsa ba. Elnathan John kuma a Born on a Tuesday ya bar almajiri Ɗantala ya faɗi da kansa yadda ya rasa abokinsa Banda a rikicin zaɓe, da yadda ya yi abota da Jibril a Sakkwato.

TAMBAYA: Malam, yanzu da ake da waya da WhatsApp da Facebook babu wanda yake ɓacewa, abokaina na firamare duk ina da lambarsu. Anya wannan jigo bai tsufa ba? Sannan in mutum ya rubuta irin wannan labari, dole ne ya haɗa abokan a ƙarshe? Daga wani matashi, Zangon Kumasi.

AMSA: Bari in fara da ta biyun, ɗana. Ba dole ba ne, kuma da yawa daga cikin littattafan da muka ambata a sama sun guje wa haɗuwar. Wasiƙar Ramatoulaye ta ƙare ne ana gobe Aïssatou za ta sauka, tana ta tunanin ko baƙuwar za ta nemi tebur da cokali mai yatsu. Ferrante ta buɗe littattafanta da ɓacewar Lila tana da shekara 66, ta kuma rufe su ba a gan ta ba. Dalili shi ne haɗuwa tana tilasta wa marubuci ya amsa ko abotar tana nan ko ta mutu, alhali sau da yawa gaskiyar ita ce tana nan kuma ba ta da inda za ta zauna. In ka ga labarinka yana son haɗuwar, ka yi ta, amma ka san abin da za su ce wa juna bayan an gama “yaushe rabo” da “ina su wane”, domin nan ne marubuta suke kasawa su rufe da runguma da hawaye.

Game da waya kuwa, ta sauya irin rabuwar ne kawai. A da mutum yana da uzuri, sai ya ba direba wasiƙa, ko ya aika gaisuwa ta filin zaɓi-sonka a rediyo, in ba ta isa ba laifin hanya ne. Yau lambar tana cikin aljihunka, kana ganin hoton sunan ɗansa da na sabuwar motarsa, shi ma ya san ka gani, amma shekara ta zagayo ba wanda ya kira wani, kuma babu hanyar da za a ɗora wa laifi. Ka duba zauren tsofaffin ɗalibai na kowace makaranta, za ka tarar mutum biyar ne suke magana, sauran suna karantawa sun yi shiru, har da wanda ya fita daga zauren ranar da aka sa kuɗin gudummawar da ba zai iya biya ba. Akwai kuma kiran da yake shigowa bayan dogon shiru, wanda aka kira yana kallon sunan yana lissafin ko nawa za a tambaye shi, mai kiran kuma ya san ana wannan lissafin, alhali wataƙila rasuwar malaminsu na allo kawai yake son ya sanar. Marubutanmu na yanzu sun fi amfani da waya wajen tona asirin miji ko saurayi, wannan ɓangaren nata kuwa ba a cika shigarsa ba, kuma gajeren labari mai kalma 1,500 zai iya ɗaukar kira ɗaya irin wannan daga ƙarar farko har a ajiye waya.